Facin da Na Yi wa Tankin Makaranta

Ku samarin da kuke zuwa ku cika mini benci kuna yi wa zugazugina dariya, kuna cewa faci ai ba aiki ba ne, a narka a shafa kawai, to ku gyara zama. Ni Isa mai faci na haura shekara talatin a wannan rumfa ta Bunkure, kuma labarin da zan ba ku yau ba na yabon kai ba ne. Da da yadda zan yi, da ban ba da shi ba.

Aikin farko da maigidana Malam Garba ya damƙa mini a Kura, buta ce ta kwano mai huji a gindi, hujin bai kai ƙwayar gero ba. Kwana uku na yi a kanta. Sai ka kankare wurin da magagari har ƙarfen ya yi fari tas, ka ɗiga masa ruwan asid, ka ɗauko ƙarfen liƙi daga cikin gawayi ka kawo shi kusa da kuncinka don ka ji zafinsa. In ya yi sanyi liƙi ba ya kamawa, in ya wuce kima ya ƙone maka aiki. Da na ce na gama, sai tsohon ya cika butar da ruwa ya ajiye a kan busasshiyar toka, ya tafi sallah. In ya dawo ya ga toka ta yi duhu ko da kamar tambarin ɗan yatsa ne, ba ya zagi, ba ya duka. Magagarin kawai zai miƙo maka. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Gwangwani biyu yake ajiyewa a ƙarƙashin tebur, ɗaya na kuza, ɗaya na dalma. Kuza fara ce mai tsada, dalma kuwa baƙi-baƙi ce mai nauyi, tana da araha, tana narkewa ba gardama. Dokarsa guda ce, kuma kullum sai ya maimaita ta har ta gundure ni: duk abin da baki zai taɓa, kuza ake sa masa, kuma daga waje ake yin facin. Dalma ta lagireto ce, wato ma'ajin ruwan sanyaya inji, da tankin mai. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce shi ma haka ya taras, tsofaffin maƙera sun ce tana murɗa ciki. Iyakar bayanin da na samu ke nan.

Da na buɗe tawa rumfar, manoman rani ne suka riƙe ni. Wannan ya kawo lagireton injin ban-ruwa, wancan ya kawo injin feshi, 'yan garuwa su jibge mini garewani, mata su aiko da bokitai. Kuma ban taɓa ganin manomin da ya zo ba a gaggauce ba. Kowa tumatirinsa yau zai mutu in ban gama kafin azahar ba, alhali injin ya yi sati yana yoyo yana kallonsa. Ana cikin haka roba ta shigo, bokitin kwano ya fara ja da baya, kuza ta yi wuyar samu, sai an shiga Kano. Matattun baturan mota kuwa ga su nan zube a kowane gareji. Sai na koyi fasa su in narka dalmar ciki a kasko, in zuba a rami ta yi sanda-sanda. Malam Garba ya riga ya rasu. Na fara sa ta a bayan bokiti, na ga ba wanda ya dawo yana riƙe da ciki. Na ce a raina, Allah ya jiƙan tsoho, ashe camfi ne kawai.

Aikin tankin ya zo ne a shekarun da wayar salula ta fara shigowa ƙauyukanmu. Malam Hudu ne ya kawo mini shi. Abokina ne tun muna samari, manomin shinkafa da tumatir a wani ƙauye da ke hayin kanal, kuma shi ne shugaban iyayen yara na firamaren garinsu. Makarantar tana da rijiyar burtsatse da tankin ƙarfe a kan dakalin siminti mai tsayi, da kan famfo uku a ƙasa inda yara ke sha. Gindin tankin ya yi tsatsa daidai bakin bututu, ruwa na tsiyaya dare da rana. Na hau na duba. Wurin da ya lalace yana zaune ne daram a kan siminti, ba ta yadda hannu zai kai daga waje sai an sauke tankin, saukewa kuma sai an tara ƙarti an kwance bututu. Ni kuwa ina da lagireto huɗu suna jira na a rumfa.

Sai na sa aka zubar da ruwan, na buɗe murfi na shiga ciki. Na kankare tsatsar, na sa 'yar kuza kaɗan don ta kama, sannan na narka dalmar batir na kwarara a kewayen bakin bututun, na bi ta da guduma tana ɗumi har ta kwanta luf. Facin ya kai faɗin faifai. Ina cikin tankin nan gumi na zuba, maganar Malam Garba ta faɗo mini, ba zan ɓoye muku ba. Na tuna ta sarai, na ci gaba da bugu. Da aka cika tanki ko ɗigo bai yi ba, Malam Hudu ya yi ta sa mini albarka, ni kuma na dawo ina jin kaina gwani.

Shekara biyu bayan nan, ran nan ina gyaran injin feshi sai ga Malama Rahila a bakin rumfata. Malama ce a makarantar, Kirista ce daga wajen Filato, mijinta yana noman albasa a nan, Hausarta kuwa ta fi ta wasunku. Ta gaishe ni, ta tambaya ko ni na gyara tankinsu, kuma da me na gyara. Na gaya mata, har da ɗan alfahari. Sai ta ce Hedimasta yana son ganina gobe da safe.

A ofis na ji sauran. Ƙaninta yana karatun ruwa a jami'a, ya zo ya ɗibi ruwan kanal da na rijiyoyi don ya ga ko taki da maganin feshi suna shiga, ya haɗa da na makarantar. Ruwan da ke fitowa daga rijiyar makarantar lafiyarsa lau. Wanda ya kwana a tanki kuwa dalma ce a cikinsa fiye da abin da ya kamata yaro ya sha. Na ce ai ruwan fari ne tas, ni ma na sha. Ta ce haka take, ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano, tafasawa ma ba ta fitar da ita. Ta ce a hankali take taruwa a jiki, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa: ciwon ciki, ƙarancin jini, kasala, karatu ya ƙi zama. Wanda ya fi muni shi ne ruwan farko na safiyar Litinin, wanda ya yi kwana biyu zaune a kan facina. Ina zaune a kujerar nan na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Malama Rahila ta ce a kira iyaye a gaya musu a makon nan, don duk mai yaron da ke ciwo ya san abin da zai faɗa wa likita. Hedimasta ya ƙi. Kuma kada ku ɗauka mugu ne, mutumin kirki ne da ya sha wuya gida-gida kafin ya cika azuzuwan nan. Ya ce a lokacin da mutane ke zargin duk abin da ya fito daga hannun hukuma, in aka ce ruwan makaranta da guba, kafin Juma'a ba sauran yaro ko ɗaya, 'yan matan kuwa ba za su sake dawowa ba. Shawararsa ita ce a rufe famfo yau, a sauke tankin a ce yoyo yake yi, a sa na roba, magana ta mutu. Suka yi ta ja. Daga ƙarshe ya juyo ya ce, to ga mai aikin, me ya gani?

Na ce shawarar Hedimasta ta fi. Na kawo dalilai masu kyau, har da cewa kada a tayar wa iyaye mata da hankali. Ƙarya nake yi. Rumfata nake tunani, da sunana, da yadda za a riƙa nuna ni a kasuwa. Malama Rahila ta dube ni ta ce, “Malam Isa, yaran nan fa suna da iyaye.” Ita baƙuwa ce a garin, kuma a ƙarƙashin Hedimasta take, ga shi mai aikin da kansa ya juya mata baya. Ta ninke takardar ta sa a jaka.

Sauke tankin bai ɗauke mu rabin yini ba. Muka kwantar da shi a bayan aji na ƙarshe, na yi alkawarin zan dawo da kurfin yanka ƙarfe da guduma in farfasa shi bayan ranar kasuwa. Ranar Juma'ar makon, muna fitowa daga masallaci, Malam Hudu ya riƙo hannuna. Ya tambaye ni me ya sami tankin da na gyara da kaina har aka sauke shi. Na ce tsufa ne, yoyo kawai yake yi. Ya ce in yoyo ne ai da sauƙi. Muna tafe kuma ya shiga ba ni labarin 'yarsa Binta, 'yar aji biyu, wadda gidansu ke jikin makarantar, kullum ita ce ta farkon zuwa shara. Ya ce ciki ya matsa mata, ta yi fari fat, an yi maganin taifot an yi na shawara ba sauƙi. Ga karatu ba ya zama a kanta, abin da aka koya mata da safe kafin la'asar ya bi iska, har ya kai ga yana sa mata bulala don yana ganin wasa ne ya yi mata yawa. Na ji kowace kalma. Na ce Allah ya ba ta lafiya, na saki hannunsa na ce ina da aiki a rumfa.

Ranar kasuwa ta zo ta wuce ban je ba. Rani ya kankama, an saki ruwa a kanal, injina suka yi mini yawa, na samu abin fakewa. Da na daure na je bayan sati uku, tankin ba ya nan, sai shatarsa a kan ciyawa. Kun san abin da na ji? Daɗi na ji. Na ce 'yan gwangwan sun ɗauke, Allah ya raba ni da shi. Ofishin Hedimasta yana nan taku ashirin daga inda nake tsaye, ban shiga na tambaya ba, don ba na son jin amsa. Daga ranar na daina bin hanyar ƙauyen gaba ɗaya.

Wata huɗu ana haka, sai matar Malam Hudu ta haihu, ya aiko mini da goron suna. Wannan kam ba ta kaucewa. Na hau kekena da sassafe na haye kanal, ina shan kwanar gidansa na hango shi. Tankin ne, an ɗora shi a kan bulo a gindin darbejiyar ƙofar gida, an yi masa sabon fenti shuɗi, an sa masa kan famfo. Mata suna aiko yara da bokitai ana ɗiba ana shiga da shi ciki, inda ake dama kunun mai jego. Na sauka na tura keken.

Bayan an yi addu'a an raɗa suna, Malam Hudu ya zaunar da ni kusa da shi a tabarma, cikin dattawan gari da liman. Ya kira Binta ya ce ta kawo wa Babanta Isa ruwa. Ta je famfon nan ta taro a kofin silba, ta durƙusa ta miƙo mini da hannu biyu. Wuyan hannunta kamar sillen kara. Shi kuwa ya shiga ba jama'a labari yana dariya: da ya ji na ce yoyo ne kawai, sai ya sa aka ɗauko masa tankin a amalanke, tunda yasar da shi aka yi, da niyyar ya toshe da kwalta. Da ya cika shi kuwa, ko ɗigo. Yanzu gidansa da maƙwabta duk nan suke sha. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Kun ga aikin gwani. Shi da kansa ya raina facinsa, amma facin ya ƙi ba shi kunya.”

Aka yi dariya, ana ta cewa sai Malam Isa. Ni kuma ga kofi a hannuna. Kun san ba a mayar da ruwan da aka tarbe ka da shi, balle a gidan aboki ranar suna. In na sha, na ci gaba da ƙaryata, kuma gobe jaririn nan da shi za a yi masa wanka, uwarsa ta sha ta shayar da shi. In na ajiye, sai an tambaye ni dalili. Binta tana durƙushe tana jiran kofinta. Sai na ga liman ya daina magana yana kallona.

Na ajiye kofin a ƙasa na ce a rufe famfon nan, kada kowa ya ƙara sha. Sannan na faɗi komai: dalmar batir, takardar Malama Rahila, abin da aka ƙulla a ofis, da bakin da na sa aka ƙulla shi. Na faɗi abin da dalma ke yi wa yara. Da na zo kan ciwon ciki da karatu, ban iya duban inda yarinyar take ba.

Na zaci Malam Hudu zai shaƙe ni, kuma da ya yi ba mai hana shi. Sai ya miƙe, ya je ya ɗaure kan famfon da igiyar akuya, ya leƙa cikin gida ya ce a zubar da kunun da duk ruwan da ke randa. Ya dawo ya tsaya a kaina, ya yi magana a hankali yadda sai na kusa ne suka ji.

“Dalmar, na yarda ba ka san ƙarfinta ba. Amma na tambaye ka, Isa. A ƙofar masallaci na tambaye ka, na kuma gaya maka halin da yarinyar nan take ciki.”



Kashegari shi da kansa ya sa mai shela ya zaga gari, aka tara iyaye maza da mata a filin makaranta. Malama Rahila ta fito da takardar nan da ta yi wata huɗu a jakarta, ta bayyana ta da Hausa dalla-dalla: ga abin da aka samu, ga tun lokacin da aka fara sha, ga alamun da za a duba, ga abin da za a faɗa wa likita, kuma ruwan tankin roba na yanzu an sake gwada shi lafiya lau. Aka ce in tashi in faɗi abin da na zuba, na tashi na faɗa. Wata tsohuwa ta zage ni tas, ban ga laifinta ba. Tambayar da aka fi yi kuwa ba ta dalma ba ce. Kowa so yake ya ji don me aka sani aka yi shiru. Hedimasta ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri. An cire yara kaɗan na 'yan makonni, sannan suka dawo, makarantar da muka ce za ta watse ba ta watse ba. Tun daga lokacin kuma iyaye suka kafa doka: duk aikin da za a yi a ruwan makaranta sai mutum biyu daga cikinsu sun tsaya a kai, kuma duk sakamakon da ya fito, mai daɗi ko marar daɗi, a karanta shi a gaban kowa.

Tankin ni na farfasa shi a ƙofar gidan Malam Hudu, jama'a na kallo. Facin ya ba ni wuya ƙwarai kafin ya fita, don aikin ya kamu da gaske. Ga shi can rataye a jikin ginshiƙi, wanda kuke tambayata ko murfin tukunya ne.

Shekarar nan ita ce mafi muni a sana'ata. Ba bokiti, ba buta, 'yan garuwa suka koma Kura da garewaninsu, har masu lagireto, da ba ruwansu da sha, suka riƙa wuce ni zuwa Madobi. Sai in hura gawayi da safe ya cinye kansa ban ɗora komai ba. Ban yi ƙorafi ba, don ni na saya da hannuna. Na koma ajiye gwangwani biyu kamar Malam Garba, kuma duk wanda ya kawo abin sha, kafin in taɓa sai na nuna masa abin da zan sa, ko yana sauri ko ba ya yi.

Binta an kai ta asibiti a Kano tare da wasu yaran, wannan karon da bayanin da ya kamata a ce an je da shi tun wata huɗu baya. Ciwon cikin ya lafa, jini ya dawo, ta yi ƙiba. Karatun dai bai taɓa zo mata da sauƙi ba, da kyar ta gama firamare. Likita ya ce ba wanda zai iya rantsewa nawa ne na dalma a ciki, nawa ne ba nata ba. Wasu suna gaya mini haka don in ji sanyi, ni kuwa ba na ji. Abin da na sani shi ne sauran yara sun daina shan ruwan nan ranar da aka sauke tanki, ita kuwa ta ƙara wata huɗu tana sha safe da yamma, da bulala a kai, saboda kalma biyu da na faɗa wa ubanta. Yanzu matar aure ce da 'ya'yanta, in ta zo kasuwa takan tsaya ta gaishe ni, Baba Isa ina wuni. Na fi son zagin tsohuwar nan da gaisuwarta.

Malam Hudu ya yi shekara bai tako nan ba. Ran nan sai ga shi da lagireton injinsa a bayan babur, ya sauke, ya zauna daidai inda kake zaune ɗin nan. Muka gaisa kamar jiya muka rabu, bai ɗauko maganar ba, har yau kuma bai ɗauko ta ba. Na duba na ce masa huji biyu ne, kafin la'asar ya zo ya ɗauka. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, “Ka tabbata, Isa?”

Muna zumunci har gobe, ya zo sunan jikokina, na je na nasa. Amma tun daga ranar, duk abin da na gaya masa, ko saukar farashin taki ne, ko cewa an ga wata, sai ya yi ɗan shirun nan ya sake tambayata. Mutumin da a da in na ce masa ruwa zai sauka yake kwashe shanya. Na iya toshe kowane irin huji a ƙarfe, ku kawo ku gani. Wannan facin na tsakanina da shi kam, shekara da shekaru ina ajiye shi a kan toka, kullum sai na tarar ta yi duhu.